Direban Motocin Gwangwani

Litinin, 5 ga watan takwas, hantsi

Kwana goma sha uku ke nan ina gida. Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya ce in huta har sai an kira ni. Makullin motar buro, wato ta ofis, na wurinsa, permi, lasisin tuƙina, na wurin 'yan sandan jandarma. Wai hutu. Direban da aka karɓe wa mota ai ba hutu aka ba shi ba, zaunar da shi aka yi. Matata Rahinatu ce ta sayo mini wannan kaye, littafin rubutu, ta ce in riƙa rubuta abin da ke cina tunda na ƙi faɗa mata. To ga shi ina rubutawa. Duk wanda ya ga rubutun zai ce kaza ce ta bi ta kan takardar, don hannun bai daina rawa ba tun ranar Talatar nan.

Ba zan rubuta maganar Talata ba.

Litinin, bayan la'asar

Ruwan shekaranjiya ya ci bangon ɗakin Inna a garinmu Badaguishiri. Ba wanda ya ji ciwo. Da ake kwashe kaya aka ga tsohon akwatina na ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, ta ba wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya sauke mini shi nan Konni. Na ɗauka takardun lakwal ne, na zamanin da nake makarantar boko. Da na buɗe sai ga motocina na gwangwani.

Goma sha huɗu ne. Na jera su a kan tabarma, na zauna ina kallo kamar sakarai. Ina ɗan shekara goma na fara yin su. Ranar kasuwa sai in zauna bakin hanya in zaɓi babbar mota guda, in ƙare mata kallo, in hardace lambarta, in koma gida in ƙera ta. Kai da gwangwanin madara, bodi da na sardin, tayoyi daga tsohon silifa, fitilu da murfin kwalba. Kowace na zana mata lambarta ta gaskiya a ciki da ƙusa. Baba ya sha dukana a kansu, yana cewa ɗan mutunci ba ya wasa da shara. Rana guda suka ɓace, na yi kuka har na gaji. Ashe Inna ce ta ɓoye su, shekara talatin, ba ta taɓa ce mini komai ba.

Rahinatu ta fito daga madafa da cikinta a gaba, ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Malam, ashe tasha guda gare ka ban sani ba." Ta yi dariya. Rabon da a yi dariya a gidan nan tun wancan watan.

Ɗaya gatarin tayarta ya lanƙwashe, na ɗauki awartaki na miƙe shi. Sai da na gama na lura hannuna bai yi rawa ba.

Laraba, 7 ga wata, azahar

Na gyara biyar. Tsatsa ta ci bodin uku, sai an sake musu sabo.

Sahiya, 'yarmu, ta zo ta ɗauki guda tana turawa a ƙasa tana yin kukan mota da baki. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta saki motar ta ruga bayan uwarta. Ba don motar na yi ba. Shekararta bakwai, kuma na san ba laifinta ba ne da take da shekara bakwai.

Alhamis, 8 ga wata, safe

Ban ci ba. Na yi taya goma sha biyu.

Asabar, 10 ga wata, hantsi

Gwangwanin gidan nan ya ƙare, na fita nema. Ba kowane ke yi ba. Na sardin mai tsawo nake so, wanda bakinsa bai tsage ba, sai kuma na madara babba. Jujin bayan tasha ya fi ko'ina, saboda masu shayi. Na ɗauki buhu na je da rana tsaka, don in ga abin da nake ɗauka. Na samu bakwai masu kyau da silifa biyu masu kauri.

Mai shayin da nake karyawa wurinsa shekara shida ya leƙo ya ce, "Abdurrazak, lahiya dai?" Na ce lafiya lau. Ya daɗe yana kallona. In ya ga dama ya kalla har gobe, ba a aljihun ubansa na tsinta ba.

Talata, 13 ga wata, bayan azahar

An kira ni jandarma. Mutanen garin Tsarnawa sun zo, uban yarinyar da ƙannensa biyu. Ɗan siririn mutum ne, rigarsa duk ƙasar gona. Ya ce shi bai kawo ƙara ba, ba zai kawo ba, kwana ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce in yi haƙuri. Shi ke ba ni haƙuri. Wallahi da marina ya yi da na fi jin daɗi.

Na dawo na zauna kan gwangwani har aka kira la'asar ban ji ba. Na fara sabuwa, ta farko tun ina yaro. Tirelar albasa ce da na gani a Galmi bara.

Alhamis, 15 ga wata, la'asar

Seyni ya shigo. Maƙwabcina ne, katanga guda, malamin lakwal, Bazabarme daga Dosso. Na so in rufe motocin da tabarma ban samu dama ba. Ya tsuguna ya ɗauki guda yana juyawa, ban ga ya yi dariya ba. Ya ce, "Wannan mai dogon hanci ce, an daina shigo da irinta. Amma ka yi kuskure, tankin manta hagu yake." Muka yi gardama kamar za mu daku. Daga baya na tuna, gaskiyarsa.

Ya fita ya dawo da wani babban littafi a ƙarƙashin riga. Tamburan wasiƙa ne, shafi bayan shafi, tun yana ɗan lakwal yake tarawa. Ya ce matarsa ta rantse ranar da ya mutu da su za ta hura wuta. Ya nuna mini a waya wasu tsofaffin Turawa masu furfura, sun cika ɗaki da jiragen ƙasa na wasa suna ta murna. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka ni kaɗai Allah ya yi haka.

Da zai tafi ya ce, "Maƙwabci, ni haukata cikin ɗaki take. Taka tana kan juji, kowa na gani. Ka daina zuwa da kanka." Na ce wa zan aika da ya san gwangwanin da ke yi? Ya girgiza kai ya fita.

Lahadi, 18 ga wata, magariba

Rahinatu ta je gidan suna ta dawo, ba ta ko cire hijabi ba ta zauna bakin gado. Wai da ta shiga mata suka yi tsit. Wata ta ce Allah ya ba maigida lafiya. Wata ta ja ta gefe ta kwatanta mata wani malami a Malbaza mai aikin taɓin hankali. Wata kuma, ba ta san tana ji ba, ta ce jinin yarinyar ne ke bina.

Na ce su ci kansu.

Ta ce, "Malam, kai ma ka sani. Babban mutum da buhu a kan juji yana tsintar gwangwani, mi ake ce mishi? Da gwangwani ake farawa, sai tsumma, sai a wayi gari ya tuɓe."

Na sani mana. Akwai wani mahaukaci a Badaguishiri muna yara, ni kaina na jefe shi da dutse. Na ce mata ni mota nake ƙerawa. Ta ce ita ta sani, amma ba ita kaɗai ce a garin ba. Ta yi kuka, ni kuma na fita tsakar gida na ci gaba da yankan silifa.

Talata, 20 ga wata, safe

Talata kuma. Na je juji. Yara sun bi ni suna tafi.

Juma'a, 23 ga wata, bayan masallaci

Yaya Isufu ya zo daga Illela da motarsa. Wan Rahinatu ne, shi ke riƙe da gidansu da mahaifiyarsu Hajiya tun rasuwar babansu. Ba mu taɓa shiri sosai ba, yana ganin direban gwamnati bai kai ƙanwarsa ba. Ya ƙi zama a tabarma. Ya tsaya yana kallon motocin, sha bakwai yanzu, na jera su a inuwa da kyau, manya baya ƙanana gaba.

Ya ce, "Hajiya ta ce Rahina ta taho gida goyon ciki."

Na ce, "Yaya Isufu, goyon ciki na haihuwar fari ne. Ta yi nata tun kan Sahiya."

Ya ce, "Ba a hana a sake ba."

Kowa a tsakar gidan ya san abin da ake nufi. In ta tafi da wannan suna ba wanda zai ce an raba aure, kuma ba wanda zai sa ranar dawowa. Na ce ya fito fili ya ce mahaukaci ne ni. Ya ce shi bai faɗi ba, amma labari ya iske su har Illela, kuma ga shi ya gani da idonsa. Raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa suruki. Ina yi hannuna na karkarwa, yana kallon hannun, ina ƙara ba shi hujja.

Rahinatu ta durƙusa da ƙyar ta roƙe shi. A ƙarshe ya ce, "Juma'a biyu. In na dawo na iske wanga tarkace cikin gidan ga, da ita za ni tahi. Ɗiyar kuwa yau za ta bi ni, hutu ake."

Ya tafi da Sahiya. Ta zo yi mini sallama, na shafa kanta ina kallon bango.

Asabar, 24 ga wata, hantsi

Gidan shiru. Takalman Sahiya na lakwal na bakin ƙofa. Na sa Rahinatu ta ɗauke su.

Litinin, 26 ga wata, bayan la'asar

Liman ya zo da kansa, tsoho da sandarsa. Na san Rahinatu ce ta kira shi. Ya tambaye ni yau wace rana, nawa ga wata, ya sa na karanta mishi sura biyu. Na karanta, ina jin kunya kamar ɗan makarantar allo. Ya ɗauki tirelar albasa ya tura ta da yatsa, ta tafi sumul har bakin randa. Na ga ya so ya yi murmushi.

Ya ce, "Abdu, ni ban ga hauka ba. Baƙin ciki na gani." Na gaya mishi abin da ban gaya wa kowa ba, cewa sai ina riƙe da almakashi hannuna ke tsayawa, sai lokacin kaina ke yin shiru. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Na yarda. Amma mutane ba su ga hannunka ba, juji sunka gani. Matarka cikin wata takwas gare ta. Ka zaɓa, ɗana, ni ba ni zaɓar maka."

Ai ya zaɓa. Wa zai riƙe gwangwani ya saki mace?

Laraba, 28 ga wata, hantsi

Seyni ya ce in kawo su ɗakinsa ya ɓoye mini. Na ce a'a. In ba a gani da ido ba, ba za a yarda ba, kuma Isufu na da kunnuwa a unguwar nan.

Na tare Baƙo, mai bin gida-gida da kura yana sayen tsohon ƙarfe. Na fito da su ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya, a gaban masu zaman dakali, har da akwatin da almakashina. Baƙo ya ɗauki guda ya duba ya ce, "Maigida, waɗanga ai ba shara ba ne." Na ce ya yi aikinsa. Ba su shiga buhu yadda suke, sai ya ajiye su ƙasa yana takawa da ƙafa. Mai dogon hancin ce ta fi ba shi wuya, sai da ya hau ta sau uku. Ina ɗan shekara sha ɗaya na yi ta, na ninka mata gwangwani biyu don ta yi ƙarfi.

Ya sa hannu a aljihu, na ce ya tafi kawai. Na tsaya har ya sha kwana, don kowa ya ga ban bi shi ba.

Alhamis, 29 ga wata, azahar

A masallaci mutum huɗu sun yi mini barka da samun sauƙi.

Asabar, 31 ga wata, safe

Kofin shayi ya faɗi. Na biyu ma ya faɗi. Rahinatu ta riƙe mini na uku.

Litinin, 2 ga watan tara

Ba komai.

Talata, 3 ga wata, la'asar

Tun safe ina zaune ina kallon katanga. Rahinatu ta kawo tuwo ta ɗauke, ta kawo fura ta ɗauke. Ta zauna kusa da ni ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura.

Ta ce, "Malam, lokacin da kake yankan gwangwani, mi kake gani?"

Na ce gwangwani.

Ta ce, "Yanzu fa?"

A kayen nan zan amsa. Bari in rubuta, sau ɗaya, kada a sake tambayata. Faranti nake gani. Yarinyar tallan gyaɗa take, ta fito daga bayan wata motar haya da ta tsaya, tana kallon wanda ya kira ta a ƙetaren hanya. Na taka birki. Wallahi na taka. Farantin ya daɗe yana juyawa a kan kwalta bayan komai ya tsaya. Ni na ɗauke ta na sa a motar, ba ta da nauyi ko kaɗan. Kafin mu kai Konni na san ba asibiti nake kai ta ba.

Shi ke nan. Na rubuta, kuma ban ji wani sauƙi ba.

Laraba, 4 ga wata, hantsi

Na bar kayen a buɗe kan tabarma na shiga wanka. Da na fito yana rufe, idanun Rahinatu sun yi ja.

Alhamis, 5 ga wata, magariba

Shef ya aiko wai in shirya komawa aiki ƙarshen wata. Da wane hannun? Gobe Isufu.

Juma'a, 6 ga wata, bayan la'asar

Ya zo bayan masallaci, bai zo da Sahiya ba. Ya zagaya tsakar gida, ya leƙa madafa, ya leƙa har bayan randa. Ko murfin kwalba bai samu ba. Na sa riga mai guga, na gaishe shi da ladabi, na ba shi haƙuri kan maganganun rannan. Ya zauna. Na ce a raina an wuce wurin.

Sai Rahinatu ta kawo ruwa, na karɓa don in miƙa mishi da hannuna, kamar yadda ya kamata. Kwanon ya yi ta kaɗawa har ruwan ya zube mishi a riga. Ya dube ni da kyau, ya ga ƙasusuwan wuya, ya ga idanu. Ya ce, "Wanga ai ya hi da lalacewa. Rahina, ɗauko kayanki."

Na ce na yi abin da ya ce. Ya ce ya gani, amma ba zai bar mace da cikin wata tara wurin mutumin da ba ya iya riƙe kwano ba. Ban yi faɗa ba. Na ji tsoro ne kawai, tsoron da ban taɓa ji ba, don ba ni da sauran abin da zan bayar.

Ta shiga ɗaki ta fito da hijabi, ba jaka. Ta bi shi waje, na bi su na tsaya a zaure. Unguwa duk ta fito, masu dakali, mata a bakin ƙofofi, Seyni ya jingina da katangarsa. Isufu ya buɗe mata mota.

Ta wuce motar. Ta tafi a hankali, hannu ɗaya a baya, har ɗan jujin da ke ƙarshen layinmu. Ta tsaya ta duba. Sai ta raba ƙafafu ta sunkuya, da wannan cikin, ta ɗauki gwangwani. Ta miƙe ta huta, ta sake sunkuyawa. Sau uku. Wata mata ta yi salati. Isufu ya kira sunanta, ba ta waiwaya ba.

Ta dawo da su a bakin hijabinta, ta wuce shi, ta zube mini su a hannu. Sannan ta juya ta ce, "Yaya, ga shi kowa ya gani, ni ma na tsinta. In hauka ce mu biyu ne, ba ka kai wa Hajiya mahaukaciya. Ka gaishe ta. Ka maido mini ɗiyata kafin a koma lakwal."

Ya ce in ta zauna, kada ta neme shi ranar da abin ya ɓaci. Ta ce to. Ya buga ƙofar mota ya tafi, bai ce komai kan Sahiya ba. Mutane suka watse ba wanda ya yi mana magana, kuma na san abin da za a faɗa a kanta gobe a gidajen suna.

Yanzu tana kwance, bayanta na ciwo. Na wanke gwangwanayen na jera a tabarma. Duka ukun na tumatir ne, ƙanana, ba sa yin mota ko ta ƙaƙa. Ban gaya mata ba. Na leƙa ta katanga na ce Seyni ya ara mini almakashi.